Hayar Fulat a Unguwar Manya: A Lissafa Shekara Ta Biyu Kafin a Biya Ta Farko

A wannan wata za mu tattauna ne a kan hayar gida, musamman irin gidajen nan na bene da ake kira fulat, waɗanda ke unguwannin masu hannu da shuni. Zan yi misali da Abuja, domin nan ne garin da ake yawan mayar da mazajenmu aiki, nan ne kuma maganar haya ta fi cin rai. Amma wadda take hangen Nasarawa a Kano, ko Unguwar Rimi da Malali a Kaduna, ita ma za ta tsinci nata a ciki.

Abin da ya sa na ga ya dace mu mata mu yi wannan magana shi ne, sau da yawa mace ce ta ƙarshe da ke ganin gidan da za a kama, alhali ita ce za ta wuni a cikinsa ta kwana a cikinsa. Wani lokacin kuma, mu faɗi gaskiya, ita ce ke tura maigida, don ta ji ƙawarta ta koma Maitama. Ta kowace hanya abin ya zo, idan ba a yi lissafi ba ƙarshensa ɗaya ne. A tare da walima da ɗaukar hotuna, shekara na zagayowa a fita da sassafe don kada maƙwabta su gani, an sayar da gwal, an cire yara daga makaranta a tsakiyar zango, ga bashi ya yi wa maigida katutu. Wannan ne nake so mu guje wa.

Me ya sa wurin yake da tsada?

An kafa Abuja ne da doka a watan Fabrairun 1976, zamanin Janar Murtala Muhammad, gwamnatin tarayya kuma ta tare a cikinta ranar 12 ga Disamba, 1991. An tsara ginin birnin kashi-kashi. Kashi na farko shi ne ya ƙunshi tsakiyar birni da Garki da Wuse da Maitama da Asokoro, kuma waɗannan unguwanni su ne suka fara samun tituna masu kwalta da magudanan ruwa da bututun famfo. Kashi na biyu ya haɗa da irin su Jabi da Utako da Wuye da Mabushi da Jahi, na uku kuma irin su Gwarinpa da Lokogoma. Daga nan sai garuruwan gefe, wato Kubwa da Lugbe da Nyanya da Karu, har zuwa Mararaba ta jihar Nasarawa da Suleja ta jihar Neja. Gwargwadon kusancin mutum da tsakiya, gwargwadon abin da zai biya.

A da, ma'aikacin gwamnati gida ake ba shi. Daga shekarar 2003 gwamnatin Obasanjo ta sauya tsari, ta mayar da haƙƙin gida ya zama kuɗi a cikin albashi, sannan ta sayar da gidajenta masu yawa. A tsakanin 2003 da 2007 ɗin ne kuma, lokacin da Malam Nasiru El-Rufa'i yake ministan Abuja, aka rushe ɗimbin gine-ginen da aka ce sun saɓa wa tsarin birnin. Masu neman haya suka ƙaru, kowa kuma yana son kusa da ofis.

Sai ki duba su wa ke neman gida a waɗannan unguwanni. Maitama cike take da ofisoshin jakadancin ƙasashen waje. Asokoro na maƙwabtaka da fadar shugaban ƙasa, ga masaukan gwamnoni. Wuse II kuwa bankuna ne da kamfanoni da manyan kantuna. Waɗannan duk daga asusun ma'aikata ko na kamfani suke biyan haya, maigidanki kuwa da albashinsa zai shiga takara da su.

Ba ina kushe unguwar manya ba ne. Akwai alheri a cikinta na zahiri. Wanda ya san cunkoson hanyar Mararaba zuwa Nyanya da safe ya san darajar uban da zai iya karyawa da 'ya'yansa ya kuma dawo kafin magariba. Akwai tsaro daidai gwargwado, ruwa da wuta sun fi samuwa, asibiti na kusa. Wanda Allah ya hore wa, babu laifi ya nema wa iyalinsa wannan. Abin tambaya kawai, shin an hore ɗin?

Kuɗin da dillali ba ya faɗa a waya

Idan dillali ya ce miki gida kaza ne, kuɗin haya zalla ya faɗa. Mu ƙaddara, don misali kawai, an ce fulat mai ɗaki uku naira miliyan 6 ne a shekara. Bisa al'adar kasuwar, dillali zai karɓi la'adarsa, galibi kashi 10 cikin 100, wato 600,000. Lauyan da ya rubuta yarjejeniya shi ma zai karɓi nasa, wani wuri kashi 5, wani wuri kashi 10, mu sa 600,000. Sai kuɗin ajiya, wanda ake riƙewa don gyaran abin da kuka ɓata ranar da za ku tashi, mu ce 300,000. Sai kuɗin hidima na shekara, mu ce miliyan 1. Kin ga gidan miliyan 6 ya koma miliyan 8 da rabi, tun ba a ɗauko ko tabarma ba.

Wasu masu gidajen ma shekara biyu suke nema a dunƙule daga sabon ɗan haya. Jihar Legas ta yi doka a 2011 da ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon mai shiga, amma dokar da kanta ta tsame Ikoyi da Victoria Island da Apapa da unguwar Turawa ta Ikeja. Wato har mai yin doka ya ɗauka cewa wanda ya nufi unguwar manya ya shirya wa abin da zai tarar.

Kuɗin hidima shi ne wanda ya fi cin mutane ba su ankara ba. Da shi ake biyan masu gadi da masu shara, da turo ruwa sama, da fitilun harabar gida, da gyaran lifta idan akwai, a wasu wuraren har da man janareta. Ba kamar haya ba, shi ba ya tsayawa wuri ɗaya. Man gas na tashi, sai ki ga takarda an zuro ta ƙarƙashin ƙofa ana neman ciko. Don haka a tambaya tun farko: me da me kuɗin ya ƙunsa? Wa ke riƙe da shi? Ana ba 'yan haya bayanin yadda aka kashe? Awa nawa ake kunna janareta, kuma wane lokaci? Idan da rana a kashe yake don maza sun tafi ofis, to ke da yara ku ne za ku sha zafin.

Wutar lantarki ma haka. A watan Afrilun 2024 hukumar da ke kula da harkar lantarki ta ƙara wa waɗanda ke rukunin A, wato masu samun wuta aƙalla awa 20 a rana, kuɗin kowane ma'auni daga wajen naira 68 zuwa 225, kafin daga baya a ɗan rage. Unguwannin manya da yawa a wannan rukuni suke. Gidan da ke da na'urar sanyaya ɗaki uku da firiza da hita ta ruwan wanka, katin wuta a cikinsa kamar ƙanƙara yake a rana. A nemi ganin mita, a tabbatar ta fulat ɗinku ce ku kaɗai, a kuma tabbatar wanda ya tashi bai bar bashi a kanta ba, domin idan ya bari, daga katinku za a riƙa cirewa.

Sannan ga abin da unguwar da kanta za ta ci. Tagogin irin waɗannan gidaje manya ne, labulenki na da ba zai kai ba. Kujerun da suka cika falonki na da, a nan sai su zama kamar an manta da su. Babu mai shago a bakin layi da za ki aiki yaro ya sayo miki gishiri da ashana, babu mai tallan kayan miya da zai yi sallama. Babban kanti ne, shi kuma farashinsa na masu unguwa ne. Tumatir da albasa masu sauƙi sai an fita can gefen gari. An hana acaɓa a cikin birnin tun 2006, don haka idan mota ɗaya ce a gidan kuma maigida ya fita da ita, duk fitarki kuɗin tasi ne. Makarantun boko na unguwar su ma kuɗinsu ya yi daidai da aljihun maƙwabtanki.

Shekara ta biyu

Uwargida, nan ne zuciyar maganar. Kuɗin shekarar farko ba kasafai yake gagara ba, domin yawanci daga wani abu yake fitowa wanda sau ɗaya ake samu: kuɗin sauyin wurin aiki, ko bashin albashi da aka biya a dunƙule, ko filin da aka sayar, ko kwasar adashi, ko gado. Shekara ta biyu kuwa babu fili na biyu. Daga abin da ke shigowa wata-wata za ta fito, kuma wata goma sha biyu a gidan haya gudu suke yi.

Ga gwajin da nake ba da shawara. A haɗa haya da kuɗin hidima, a raba gida 12. A misalinmu miliyan 7 ke nan, wato wajen naira 583,000 kowane wata. Masana harkar kuɗi kan ba da shawarar kada muhalli ya ci fiye da kashi ɗaya cikin uku na abin da ke shigowa. Ke nan mai kama wannan gida ya kamata a ce yana samun wajen miliyan 1 da dubu 750 a wata, samu tabbatacce, ba na kwangilar da ake sa rai ba. To kafin a biya ko sisi, ku gwada ware wannan kuɗi wata uku a jere kuna nan inda kuke. Idan kun ware, an ci an sha, an biya makaranta, an aika wa iyaye nasu, babu wanda ya ji a jikinsa, to bismillah. Idan kuwa tun wata na biyu an fara taɓa kuɗin, kun sami amsarku a arha. Ku kuma sa a rai cewa hayar da kuka shiga da ita ba lallai ita za ku sabunta da ita ba. Ƙari ya zama ruwan dare, musamman tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, da komai ya tashi.

Idan aka shiga ba a yi wannan lissafi ba, ƙofofi uku ne ke buɗewa, kuma babu ta alheri a ciki. Ta farko bashin ruwa. Yanzu har a waya ake tallan rancen biyan haya, a ba ka yau ka biya da ƙari. Riba ce ko da wane suna aka sa mata, kuma gidan da ake kwana a cikinsa da riba, ina albarka? Ta biyu dukiyarki. Muhalli haƙƙi ne a kan miji, gwal ɗinki da gadonki naki ne. Idan kin ga dama kin taimaka, Allah ya ba ki lada, amma a fayyace tun farko, kyauta ce ko rance? Idan rance ne a rubuta, domin rubuta bashi umarni ne da ya zo a ƙarshen Suratul Baƙara, kuma bai ware miji da mata ba. Ƙofa ta uku ita ta fi ban tsoro. Mijin da yake riƙe da amanar ofis, wa'adin haya ya matso, matarsa kuma ta ce ita ba ta komawa Kubwa ƙawaye su yi mata dariya, me kike zaton zai yi? Da yawa daga cikin hannayen da ke shiga dukiyar jama'a, daga ɗakin kwana aka fara tura su. Kada ki zama sanadi.

Shari'a ta ɗora wa miji ya zaunar da iyalinsa gwargwadon ƙarfinsa, mai yalwa da yalwarsa, mai ƙunci da abin da Allah ya ba shi. Abin da malamai suka jaddada a muhallin mace shi ne aminci da sirri da abubuwan buƙata da maƙwabta nagari. Ban ga inda aka ambaci sunan unguwa ba. Idan kuma kina da abokiyar zama, ki tuna duk abin da kika nema wa kanki kin buɗe masa littafin adalci ne. Mutumin da zai ajiye ɗaya a Asokoro ya bar ɗaya a ɗaki biyu a Mararaba ba tare da yardarta ba, ya ɗauko wa kansa tambaya mai nauyi.

Ki je da ƙafarki

In lissafi ya fita, sai duba gida. Kada ki yarda da hoto ko bidiyon da dillali ya turo, gani ya kori ji. Ki roƙi maigida ya kai ki, kuma sau biyu: sau ɗaya da rana, sau ɗaya da dare. Layin da yake shiru da azahar a Wuse II yana iya zama wani abu dabam ƙarfe goma sha ɗaya na dare, idan akwai gidan rawa ko mashaya a bayanku. Idan da hali a je bayan an yi ruwan sama, domin damina ce ke tona asirin gini.

Namiji falo yake dubawa da wurin ajiye mota. Ke ki wuce kicin. Yawancin waɗannan fulat an zana su ne don ƙaramin iyali masu dafa abinci kaɗan. Akwai taga da hayaƙi zai fita? Akwai sito da zai ɗauki buhun shinkafa da na masara da jarkar mai? Ina za a ajiye tukunyar gas? Idan a hawa na biyu kuke, ki sani duk ranar da kika sa taɓarya a turmi, a kan wani kike daka, kuma zai hawo ya faɗa miki. Ki tambayi inda ake shanya, domin gidaje da yawa sun hana rataya kaya a baranda, ke kuwa mai goyo ce. Ki tambayi inda ake yanka idan layya ta zo ko an yi haihuwa, da ko an yarda a hura gawayi a harabar gida.

Sai sirri. Idan baƙin maigida suna falo, za ki iya fita daga ɗaki zuwa kicin ba tare da kin ratsa su ba? Banɗakin baƙi yana waje, ko sai an bi ta ƙofar ɗakunan kwana? Ki tsaya a tagar ɗakinki ki ga wa ke hango ki. Ɗakunan baya da ake kira boskwata, na fulat ɗinku ne ko an ba wani dabam haya? Sau da yawa akan ba wa gwauro, ga ki da 'yan mata da 'yar aiki. Ki kuma bincika ko a benen akwai fulat da ake bayarwa haya ta kwana-kwana, domin irin wannan kullum da baƙuwar fuska za ku riƙa haɗuwa a matakala.

Ki buɗe kowane famfo ki ga ƙarfin ruwa, ki ja ruwan masai, ki ɗaga kai ki dubi silin ko akwai tabon yoyo, ki shinshina cikin kabad ko akwai warin danshi. Sabon fenti yakan rufe abubuwa da yawa. Ki auna ƙarfen baranda da idon uwa: kan yaro mai rarrafe zai iya shiga? Idan akwai wurin ninƙaya a harabar, a kewaye yake? Ki ƙirga matakala, ki tuna da watan tara na ciki, ki tuna da Hajiya da ciwon gwiwa idan ta zo ganin jikoki, ki tambaya ko lifta na aiki idan an ɗauke wuta.

Kada ki manta da masallaci da Islamiyya. Maigida da samarin gida za su iya takawa zuwa sallar asuba? Ina yara za su yi karatun yamma, wa zai kai su, wa zai ɗauko su? Mun sha ganin yaran da suka yi nisa a hadda, ana komawa irin wannan unguwa karatu ya tsaya, saboda makaranta ta yi nisa, malamin da zai zo gida kuma kuɗinsa ya fi ƙarfin abin da haya ta rage.

Sannan baƙi. Duk wanda ya yi gida a Abuja ya zama masaukin dangi: mai neman biza, mai jinya a Asibitin Ƙasa, mai jiran jirgin Umara, ƙanen da ya zo neman aiki. Wasu yarjejeniyoyin suna ƙayyade yawan mutanen da za su zauna. A wasu rukunin gidajen kuma baƙo ba ya wuce get sai an kira ku a waya, sai ki tarar gwaggonki da ta taso tun daga Gumel tana tsaye a rana da ƙullin daddawarta, maigadi na yi mata tambayoyi da Turanci. A san wannan tun da wuri, a san yadda za a yi da shi.

Kafin ki bar wurin, ki gaisa da maigadi, ki kuma ƙwanƙwasa ƙofar wata mata da ke zaune a benen. Minti biyar da ita ya fi awa guda da dillali. Ita ce za ta gaya miki ko ruwa na yankewa, ko mamallakin gidan na gyara idan abu ya lalace, da dalilin da ya sa na gabanku suka tashi.

Dillali da takarda

Wannan ɓangare na maigida ne, amma tunatarwa taki ce. Akwai 'yan damfara da ke nuna gidan da ba nasu ba, ko su karɓi kuɗin mutum uku a kan fulat ɗaya. Alamarsu gaggawa: wani ya zo da kuɗi a hannu, idan ba ku biya yau ba ya wuce ku. Kada a biya sai an ga mamallakin gidan, ko lauyansa ko kamfanin da ke kula da gidan, da takardar da ta nuna an wakilta su. A tambayi tsofaffin 'yan haya wa suke biya. Idan kuɗin da yawa, lauya zai iya bincika sunan mai filin a AGIS, ofishin da ke ajiye bayanan filayen Abuja. A biya ta banki, cikin asusun da ke ɗauke da sunan mamallakin ko kamfanin, a karɓi rasit mai adireshin gida da ranar farawa da ta ƙarewa.

Ki sani lauyan da kuka biya kuɗin yarjejeniya, yawanci na mamallakin gida ne, don shi ya rubuta. Ku sami naku ya karanta kafin a sa hannu. A duba wa ke gyaran rufi da manyan bututu, wa ke gyaran ƙananan abubuwa. A duba yaushe ake mayar da kuɗin ajiya da abin da za a iya cirewa a ciki. A duba wata nawa za a sanar da ku kafin a yi ƙari. Ranar karɓar makulli, kafin a shigo da kaya, a ɗauki hoton kowane ɗaki da duk abin da aka tarar a fashe, a rubuta, ɓangarorin biyu su sa hannu. Wannan ne zai dawo muku da ajiyarku.

Game da tashi, dokar da ke aiki a Abuja ta ce idan yarjejeniya ba ta faɗi wani abu dabam ba, mai hayar shekara-shekara notis ɗin wata shida yake da shi, mai hayar wata-wata kuma wata ɗaya. Bayan wannan akwai wani notis na kwana bakwai, sannan a tafi kotu. Kotu ce kaɗai ke fitar da ɗan haya. Mamallakin gida ba shi da ikon canza makulli ko cire rufi ko watso kaya waje. Amma a lura, idan an rubuta cewa hayar ta wa'adi ce tsayayye, daga rana kaza zuwa rana kaza, to ranar na cika ta ƙare, babu maganar wata shida, sai na kwana bakwai ɗin nan. Mutane da yawa ba su san wannan ba sai ya same su.

A adana rasit da kyau saboda wani dalilin kuma. Sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a 2025, ta fara aiki a Janairun 2026, ta ba mai biyan haya damar a cire masa kashi 20 cikin 100 na hayarsa ta shekara, iyaka naira 500,000, daga kuɗin da ake lissafa masa haraji a kai. Sai da shaida ake samun wannan.

Daga ƙarshe

Akwai wani abu da ba ya shiga lissafin biro, shi ne kaɗaici. Wadda ta saba da unguwar da ake leƙowa a ce ina kwana, a karɓar mata yaro ta yi wanka, za ta ji jiki a inda kowa ke shiga motarsa ya ja gilashi. Idan Allah ya kai ki can, kada ki jira a zo miki. Ki fara sallama, ki aika da ɗan abin da kika dafa, ki nemi majalisin mata na masallacin unguwa. Haƙƙin maƙwabtaka bai faɗi don katanga ta yi tsawo ba, kuma ranar naƙuda da tsakar dare, maigida ya yi tafiya, maƙwabciya ce dangi.

Idan kuma lissafi bai fita ba, tsakanin Maitama da Mararaba akwai unguwanni da yawa. Ɗaki biyu da kwanciyar hankali a Gwarinpa ko Kubwa ya fi ɗaki huɗu da ake firgita duk lokacin da waya ta yi ƙara. Wadda kuma ta riga ta shiga ta ga abin ya fi ƙarfinsu, ta ba maigida shawara su sauka da mutuncinsu tun wa'adi bai cika ba. Masu dariya kwana biyu za su yi su kama wata maganar, kuma babu wadda za ta taya ki biya a cikinsu. Hausawa sun ce daidai ruwa, daidai tsaki.

Ki zaɓi lokacin da maigida ya ci ya huta, yara sun yi barci, ki ɗauko takarda da biro ki ce, "Abban yara, zo mu lissafa shekara ta biyu." Ki faɗa da taushi, domin namiji ba ya son a nuna masa gazawarsa, amma yana son ya ga matarsa na tare da shi.

Allah ya ba mazajenmu halal mai yalwa, ya zaunar da mu a inda ya fi alheri ga addininmu da 'ya'yanmu, ya mallaka wa kowa nasa. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba idan Allah ya kai mu.